Zan yi tafiyar wata goma, yaya zan ajiye baturan inbata da na mota?

Tambayar ta zo ne daga wani bawan Allah mazaunin Kano. Zai tafi ƙaro karatu a waje daga watan Fabrairu zuwa ƙarshen Nuwamba, iyali za su koma gidan iyaye, gidansa zai zauna a rufe. Yana da batura huɗu masu ruwa, dogayen nan na tubula, kowanne bolt 12 mai 200Ah, an jera su suna ba inbata bolt 48, kuma shekararsu ɗaya da rabi da saye. Akwai farantan sola a kan rufi, akwai kuma mota da za ta zauna a gareji. Yana so ya sani ko ya isa ya cika su, ya kashe inbata, ya kulle ɗaki. Wani ya ba shi shawarar ya zubar da ruwan cikinsu kafin ya tafi, wani kuma ya ce kada ya bar su a kan siminti don yana shanye caji.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ka lafiya, ya ba da sa'ar abin da aka je nema.

Bari in fara da abin da ya fi damuna a tambayarka. Idan ka cika baturan nan ka kashe inbata ka kulle ɗaki wata goma, kuma bazarar Kano ta ratsa ta kansu babu mai leƙa su, to ka sa a ranka cewa za ka dawo ka tarar da su sun yi rauni ƙwarai, wataƙila ma sun tashi daga aiki. Batirin dalma ba buhun gero ba ne da za a zuba a rumbu a dawo baɗi. Ya fi kama da dabbar da ke turke, ko ba ta aikin komai sai an ba ta abinci. Saboda haka kafin zancen ɗaki ko siminti, nemo mutum ɗaya mai amana wanda zai riƙa shiga gidan sau ɗaya a wata. Duk sauran abin da zan faɗa a kan wannan mutumin ya dogara.

Dole in ɗan yi bayanin abin da ke faruwa a cikin batir, don idan ka gane shi ba za ka sake buƙatar haddace dokoki ba. Tun da Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙirƙiro irin wannan batir a 1859, asalin aikinsa bai sauya ba. A cikin batir mai bolt 12 akwai ƙananan ɗakuna shida da ake kira sel, kowanne yana ba da bolt 2.1 idan ya cika. A kowane sel akwai faranti iri biyu na dalma a nutse cikin ruwan asid. Yayin da kake jan wuta, asid ɗin yana barin ruwan yana haɗuwa da dalmar, sai wani farin gishiri da ake kira salfet ya kwanta a jikin farantan, ruwan kuma ya tsinke ya yi ta kusantar ruwa zalla. Idan ka sa caji sai abin ya juya: gishirin ya narke, asid ya koma cikin ruwa, faranti ya koma yadda yake. Kullum haka ake yi, dare a sauke, rana a cika, babu wata matsala.

Matsalar tana cikin lokaci. Gishirin da ya kwanta yau laushi gare shi, ƙwayoyinsa ƙanana ne, caji yana narkar da shi cikin sauƙi. Idan aka bar shi makonni da watanni, ƙananan ƙwayoyin sukan haɗu su zama manya masu tauri, su toshe ƙofofin faranti, kuma wuta ba ta ratsa su da kyau. Daga nan duk cajin da ka ba shi ba zai mayar da su gaba ɗaya ba. Wurin da suka rufe ya fita daga lissafi ke nan. Shi ya sa za ka ga batir yana cika cikin awa ɗaya, mitar auna bolt ta nuna lamba mai kyau, amma da an kunna fanka biyu sai inbata ta fara kuka. Idan ka buɗe murfin irin wannan batir ka haska da tocila, a maimakon faranti mai ruwan ƙasa-ƙasa mai duhu da ɗan'uwansa mai ruwan toka, za ka ga fari-fari ya lulluɓe saman su, wani lokaci har sun kumbura sun lanƙwashe.

To ai ka ce za ka cika su kafin ka tafi, daga ina gishirin zai fito? Daga batirin kansa. Ko babu waya ko ɗaya a jikinsa, batirin dalma yana cin cajinsa a hankali. Rufaffun batura, waɗanda ba a ƙara musu ruwa, sukan rasa kamar kashi 3 cikin ɗari a wata idan zafin wurin yana kusa da digiri 25. Masu ruwa irin naka sun fi haka ci, saboda ana gauraya dalmarsu da wani ƙarfe mai suna antimoni don ta yi ƙwari ta jure saukewa mai zurfi, shi kuma yana ƙara saurin zubar caji da shan ruwa, kuma abin yana ƙaruwa yayin da batir ke tsufa.

A nan ne zafinmu yake shigowa, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa da abin da suka karanta a takardar kamfani. Kusan duk lambobin da ke cikin takardun nan an auna su ne a digiri 20 ko 25. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin zubar caji kusan sau biyu. Mu ɗauka batirinka yana rasa kashi 5 a wata a digiri 25. A digiri 35 ya zama kashi 10. A digiri 45 ya zama kashi 20. A watan Afrilu zafin rana a Kano yana kaiwa digiri 40, Sakkwato da Maiduguri da Yamai ma sukan wuce haka. Wannan a inuwa ke nan. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano, babu silin, an rufe taga an rufe ƙofa, ya fi waje zafi da rana, kuma ba ya hucewa da wuri da dare. Batir mai nauyin kusan buhun siminti ko fiye idan ya ɗauki zafi yakan riƙe shi har asuba. Don haka maganar da ake yi cewa ana iya ajiye batir wata shida ba caji gaskiya ce a ƙasa mai sanyi, ga rufaffen batir sabo. A ɗakinka, a watannin Maris da Afrilu da Mayu, batir mai ruwa zai iya sauka zuwa inda gishiri ke fara tauri cikin mako shida zuwa takwas.

Zafi yana da ɓarna ta biyu wadda caji ba ya maganinta. Ragar dalmar da ke riƙe da faranti tana cinyewa a hankali tun ranar da aka zuba wa batir asid, ana aiki da shi ko ba a yi. Duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage tsawon rayuwar batir da kusan rabi. Ma'ana, wata goman da za su yi a ajiye suna cikin shekarunsu, ba za a mayar maka da su ba. Abin da za ka iya yi kawai shi ne ka rage ɓarnar ta hanyar zaɓen wuri.

Wurin da ya dace shi ne ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gidan: mai silin, wanda bangonsa ba ya kallon yamma, rana ba ta dukan baturan ta taga, ruwan damina ba ya shiga. Kuma a bar wa iska hanya. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, musamman dab da cika, kuma idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki, tartsatsi kaɗan ya isa ya tayar da ita. Kada a sa su a cikin akwati rufaffe ko kabad, kada a kunna ashana ko sigari a kusa, kada kuma janareta ko jarkar fetur su kwana a ɗakin.

Maganar siminti kuwa tsohon zance ne da ya taɓa zama gaskiya. A da ana yin jikin batir da katako, daga baya da wata baƙar roba mai tsagewa, damshin ƙasa yakan shiga ya buɗe wa wuta hanya. Jikin baturan yanzu filastik ne da wuta ba ta bi, siminti ba ya shan komai. Ɗora su a kan katako yana da kyau don gudun ruwa idan ɗaki ya yi yoyo, da kuma kare daɓe daga asid. Amma inda wuta take zurarewa da gaske a samansu ne. Ƙurar hunturu takan kwanta a kan batir, ta haɗu da ɗan feshin asid da ke fita daga murafe, idan damina ta zo ta jiƙa, sai ta zama siririyar hanya tsakanin kawunan batirin biyu. Kana iya gani da idonka: ɗora baƙar wayar mita a kan kan batirin da ke da alamar ɗebewa, ka riƙa taɓa jar wayar a jikin filastik ɗin saman mai datti. A kan batir mai tsabta ba za ka ga komai ba. A kan mai datti mita takan nuna bolt biyu, biyar, har fiye, tun ba ka taɓa ɗaya kan ba. Wanke saman da ruwan da aka jiƙa bekin soda a ciki, ruwan kanwa ma yana kashe asid, amma a tabbata murafe a rufe suke gam kada ɗigo ɗaya ya faɗa ciki. A goge ya bushe, a kankare farin garin da ke kan kawunan, a shafa musu basilin.

Shawarar zubar da ruwa kuwa, don Allah kada ka bi ta. Na san inda ta samo asali. Akwai batura da ake sayarwa a bushe, musamman na babur, da kwalbar asid daban, kuma suna iya shekaru a shago ba su lalace ba. Waɗannan a masana'anta aka caja farantansu, aka wanke, aka busar ba tare da iska ta taɓa su ba, aka toshe. Batirin da ya riga ya sha asid ba ya komawa wannan hali. Da ka tsiyaye shi, farantin da ke jiƙe zai haɗu da iska ya fara lalacewa nan take, har yakan yi ɗumi, dattin da ya kwanta a ƙasa kuma zai bi ya maƙale tsakanin farantai. Ga haɗarin asid a jiki da ido, ga kuma inda za a zubar da shi.

Yanzu ga yadda za ka shirya su. Ka fara kwana biyu ko uku kafin tafiya, kada ka bari sai daren da kake haɗa kaya. Duba ruwa tukuna: idan akwai sel ɗin da farantinsa ya fito fili, ƙara ruwa daidai yadda zai rufe shi kawai. Cikawa zuwa alama sai bayan caji, domin ruwan yana ɗagowa idan batir ya cika, wanda ya cika shi tun farko zai tarar ya yi ambaliya. Ruwan da za a ƙara shi ne tataccen ruwan nan na tururi da ake sayarwa don batir. Ban da ruwan rijiya, ban da na burtsatse, ban da na leda, don gishirin ƙasa da ƙarfen da ke cikinsu suna ƙara saurin zubar caji. Asid kuma ba a ƙara shi, ruwa ne kaɗai yake ƙafewa, asid yana nan.

Sannan a yi caji na gaske. Inbata ta nuna kore ba shi ne cika ba. A cire duk kayan da ke jan wuta, a bar cajin ya kai bolt 14.4 zuwa 14.8 a kan kowane batir, ya tsaya a nan awanni har wutar da batirin ke karɓa ta ragu zuwa amfiya biyu zuwa huɗu, kuma kana jin kowane sel yana ɗan tafasa a hankali. Tafasar nan tana da amfani a dogon batir, saboda asid ya fi ruwa nauyi, yakan taru a ƙasa ya bar sama da tsinkakken ruwa, kumfar ce take gauraya su. Idan kana da haidiromita, wato bututun gilashin nan mai robar matsawa da ɗan ma'auni yana yawo a ciki, zuƙo ruwan kowane sel ka karanta a daidai idonka. Cikakken batirin tubula yakan nuna wajen 1.240 zuwa 1.260, gwargwadon abin da kamfaninsa ya rubuta. Idan ka auna sau uku, awa ɗaya tsakani, lambar ba ta ƙara hawa ba, ya cika. Idan wani sel ya gaza 'yan'uwansa da 0.030 ko fiye, yana bukatar cajin daidaitawa, wanda ake ɗaga wuta zuwa wajen bolt 15.5 na ɗan lokaci ana lura da zafi. Wannan na masu ruwa ne kawai. Rufaffen batir ba a yi masa haka sai kamfaninsa ya ce a yi, don ruwan da ya fita daga cikinsa ba shi da hanyar komawa.

Bayan caji a bar su su kwana ba komai a jikinsu, da safe a auna kowanne shi kaɗai. Awon da aka yi nan da nan bayan caji yaudara ne, yakan nuna 13 da wani abu. Bayan hutu, cikakken batir mai ruwa yana nuna 12.6 zuwa 12.7, rufaffe kuma 12.8 ko sama kaɗan. Idan ka ga 12.4, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. 12.2 rabi ne. 12.0 saura kaɗan. Dubi yadda tazarar take ƙanƙanuwa: tsakanin cikakke da rabi kusan rabin bolt ne kawai. Shi ya sa sandunan da ke fuskar inbata ba su isa ba, sai mita mai nuna lamba biyu bayan ɗigo. Rubuta lambar kowane batir da kwanan wata a takarda, ka manna a bango.

Daga nan hanya biyu ce a gabanka, kuma tunda kana da sola, ta farko na fi so maka. Ka bar baturan a haɗe da kwantirolar sola, wato na'urar da ke daidaita cajin da farantan sola ke ba su, ka raba inbata da su gaba ɗaya. Ina nufin cire waya ko sauke abin yanke wuta da ke tsakaninsu, domin inbatar da aka bari a kunne tana cin wuta ko ba a kunna ƙwai ɗaya ba. A ce tana cin wat 40, wanda ba abin mamaki ba ne ga mai girman taka. A yini ɗaya wat-awa 960 ke nan, baturanka huɗu kuma gaba ɗaya 9,600 suke ɗauka. Kwana goma ba caji sun ƙare tas. Idan kwantirolar a cikin inbatar take, irin haɗaɗɗun nan, to a kashe ɓangaren da ke ba gida wuta, a tabbata ɓangaren caji yana farkawa da kansa idan rana ta fito, a gwada shi kwana biyu kana nan.

A saita kwantirola ta riƙe su a cajin riƙo, wajen bolt 13.5 zuwa 13.6 kowane batir a digiri 25. Da yake ɗakin ya fi haka zafi, a rage kamar 0.02 a kan kowane digiri ɗaya da ya ƙaru, wato a digiri 35 ya dawo wajen 13.3 zuwa 13.4. Idan tana da wayar auna zafi, a manna ta a jikin batir ta yi lissafin da kanta. Tunda babu abin da ke sauke su da dare, a rage tsawon lokacin da take riƙe su a 14.4 kowace safiya, a kashe cajin daidaitawa na atomatik. In ba haka ba kullum za ta riƙa tafasa cikakken batir, ruwa ya ƙafe, saman faranti ya bushe. Wannan ita ce hanyar da batir yake mutuwa a hannun mai sola: caji ya yi yawa, ruwa ya yi kaɗan. A nan, aikin ɗan'uwanka da zai riƙa leƙa gidan shi ne ya duba ruwa kowane wata, ya cika zuwa alama, ya taɓa jikin kowane batir ya ji ko wani ya fi sauran zafi, ya share ƙurar farantan sola idan hunturu ya kama. Ka nuna masa kuma cewa idan zai cire wani abu, wayar sola ake fara cirewa daga kwantirola kafin ta batir, wajen mayarwa kuma ta batir ce farko.

Barin su a kan wutar NEPA ta cikin inbata ban ba ka shawara ba. Idan taransifoma ta lalace mako uku, inbata za ta shanye su har ta kashe kanta, su zauna a ƙasa. Ga tsawar damina da hawa da saukar wuta a gidan da babu kowa.

Hanya ta biyu ita ce a raba su da komai. A cire wayar ɗebewa tukuna, sannan ta tarawa, sannan gajerun wayoyin da ke haɗa batir da batir, da sifana mai naɗe da tef, an cire agogo da zobe. Batir mai 200Ah idan ƙarfe ya haɗa kawunansa yana iya narkar da ƙarfen. Ɗan'uwanka zai riƙa auna kowanne duk wata. Dokar da za ka rubuta masa guda ɗaya ce: duk wanda ya sauka zuwa 12.4 a caja shi a wannan makon. Ko bai sauka ba, a caja su duk mako shida a bazara, duk wata biyu zuwa uku a damina da hunturu. Caja mai kashe kanta ake so, mai ba da kamar kashi ɗaya cikin goma na girman batirin, wato amfiya 20 ga naka. Ƙaramin ramin bolt 12 da ke jikin ƙananan janareta ba shi da abin da ke tsayar da caji, gara a kunna janaretan a jona caja ta gaske a jikinsa. Wannan hanya ta fi aminci ta fuskar gobara, amma ta fi bukatar mutum mai cika alkawari, kuma wata biyu na sakaci a bazara sun isa su ɓata aikin.

Idan ka duba ka ga babu wanda zai iya ko ɗaya daga cikin biyun, to ka kwashe su ka kai gidan da iyalinka za su zauna a yi amfani da su. Batirin da ake saukewa kaɗan ana cika shi kullum ya fi wanda aka kulle lafiya, muddin ba a wuce rabi ana kuma duba ruwa. Ko kuma ka sayar da su yanzu da suke da daraja. Mai shekara ɗaya da rabi da ke riƙe wuta kuɗi ne, wanda ya mutu kuwa da kilo ake sayensa.

Na mota ya fi sauƙi, amma ya fi saurin mutuwa. Farantansa sirara ne, an yi su don su ba da wuta mai yawa na daƙiƙa kaɗan, ba sa jure zama a sauke. Mota kuma ko an kashe ta tana jan wuta don agogo da rediyo da kwamfutarta da na'urar tsaro, yawanci miliamfiya 20 zuwa 50. Ɗauki 50: a yini 1.2Ah ke nan, batir mai 60Ah ya kai rabi cikin kwana 25, tun ba a sa zubar da yake yi da kansa ba. Ka cika shi da caja, ka cire wayar ɗebewa, ko ma ka ciro shi ka kai ɗakin da sauran suke a riƙa auna shi tare da su. Wasu motocin sukan manta saitin rediyo ko na gilashi idan an cire batir, wannan ƙaramin abu ne. Al'adar nan ta a riƙa tayar da mota minti biyar kowane mako a kashe, da muguwar rawa gara ƙin tashi: abin da tayarwar ta ci da abin da ya zube a mako ba sa dawowa a minti biyar na aikin inji a tsaye. In za a tayar, a fita da ita a yi tafiyar rabin awa ko fiye, wanda tayoyi da birki ma za su amfana. Ƙaramin farantin sola mai wat 5 zuwa 10 da 'yar kwantirolarsa shi ma yana riƙe batirin mota da kyau.

Wannan bayani duka ya shafi mai sayen sabo. Batirin da aka ƙera a Indiya ko Sin ya yi makonni a teku, ya jira a tashar jirgin ruwa, ya hau mota zuwa Arewa, ya zauna a shago, duk a cikin zafi. Ka je da mitarka. Duba kwanan watan da aka buga a jikinsa, ka auna kafin ka biya, wanda ya gaza 12.4 ka bar shi ko da ledarsa ba a yage ba. Idan huɗu za ka saya, su zama masu kwanan wata ɗaya da lamba kusan ɗaya, don a jeri mai rauni shi ne yake jan sauran ƙasa.

Idan Allah ya dawo da kai, kada ka jona inbata ka ɗora mata firji a daren farko. Duba jikin kowanne ko ya kumbura ko ya tsage, duba ruwa, caja kowanne shi kaɗai har ya cika, yi cajin daidaitawa, bari su kwana, sannan ka auna ka gwada da takardar da ka manna a bango. Bayan haka a gwada su da kaya: wat 500 a kan baturan nan huɗu, idan suna da lafiya, ya kamata su yi awa takwas zuwa tara kafin su kai rabi. Idan sun gaza kaɗan, saukewa da cikawa sau uku ko huɗu yakan ɗan farfaɗo da su. Wanda ka tarar a ƙasa da bolt 10.5 kuma ya daɗe a haka, a gwada caji a hankali da wuta kaɗan na kwana biyu, wani lokaci yakan dawo da wani abu, amma kada a mayar da shi cikin jeri da masu lafiya. Za a ce maka a canza masa ruwa a zuba sabon asid. Haidiromita za ta nuna lamba mai kyau, amma gishirin yana nan daram a kan faranti, kuma asid ya yi yawa a ciki, sai ya ƙarasa cinye ragar. Ƙwayoyi da garin da ake zubawa a sel ma ba sa narkar da gishirin da ya yi tauri.

Wanda ya mutu kuma kada a fasa shi a gida, kada a bar shi inda yara ke wasa. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 ne suka rasu, kuma a can dalmar daga tsofaffin baturan mota ta fito, waɗanda aka daɗe ana fasawa a unguwar har ƙasar wurin ta cika da ita. Dalmar batir ana narkar da ita a sake sabon batir da ita, don haka tana da masu saye. Ka mayar da shi ga dilan da zai karɓa ya rage maka kuɗin sabo, a tsaye, da murafensa a rufe da ruwansa a ciki, kuma duk wanda ya ɗauke shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.